Ranar da Baba Gonja Ya Naɗe Tabarmarsa

Ranar wata Laraba ce, cikin babban hutun shekarar da na gama CM1, wato aji biyar na firamare, sabuwar doya ta fara shiga kasuwa. Bayan azahar aka toshe tagogin zauren kakana a Djougou da tabarmi, aka ɗora tele, wato talabijin, a kan kwandon goro, Kawu Idi ya tada ɗan injinsa mai tari kamar tsohon mashayin taba. Mutanen da suka cika zauren nan, in na ce dubu ne za ku ce na fara, to ku rage abin da kuka ga dama, amma wallahi har akuyar gidan sai da ta leƙo. Ni aka tsayar a kan kifaffen turmi gefen tele, domin fim ɗin da Faransanci yake, Faransancin Kawu Idi kuwa bai wuce na ciniki ba. Sunana a lokacin Radiyo, kuma ba don yabo aka raɗa mini shi ba. Kafin la'asar fassarata ta kusa raba gidanmu da wani tsoho da ya fi ni daɗewa a cikinsa.

Ni na nace sai an nuna fim ɗin. Na fara ganinsa ne a Parakou, a wani ɗakin bidiyo na unguwar Banikanni da muke laɓewa in an aike mu kai wa babana abinci shagonsa na atamfa a kasuwar Arzèkè. Tsohon fim ne, baƙi da fari, babu karate, babu bindiga, ko mari ɗaya babu. Wani mutum ne motarsa ta mutu cikin ruwan sama, ya ƙwanƙwasa wani gida ya roƙi kwana ɗaya. Gari ya waye bai tafi ba. Kullum murmushi, kullum ladabi. Yau ya zauna a kujerar maigidan, gobe ya sa rigarsa, jibi maƙwabta sun fara gaishe shi da sunan maigidan, har shi maigidan ya fara shakkar hankalinsa. Da farko 'yan kallo suka yi ta ihu a sa mana fim ɗin Sinawa. Can sai ɗaki ya yi tsit, kana jin ƙuda yana sharar ƙafa. Wani ƙaton ɗan zem, wato ɗan acaɓa, da ya shigo yana cika baki, da baƙon ya juyo ya kalle mu yana murmushi, sai ga shi ya ɓoye fuska cikin hular kwanonsa. Mai tuyar doya ta ƙofa ta leƙo sau ɗaya, ta manta da kasko, ranar gawayi muka saya da yaji. A ƙarshe maigidan yana tsaye a waje yana ƙwanƙwasa ƙofar gidansa, baƙon ya buɗe ya tambaye shi wa yake nema. Muka fito rana tsaka kowa yana waiwaye.

Da na zo hutu Djougou na ba 'yan'uwana labari. Na ba su a gonar Kaka ta hanyar Kolokondé muna kafa wa doya sanduna, na ba su a tsakar gida muna tsince goro mai tsutsa muna sake lulluɓe mai kyau da ɗanyen ganye, na ba su har a filin langa ina tsalle da ƙafa ɗaya. Ba wanda ya yarda akwai fim marar duka da zai sa gardi ya ɓoye fuska. "Radiyo ya kama tashar Parakou," in ji su. Na bi Kawu Idi da naci, na wanke masa babur har ya fara koɗewa, sai da ya je Parakou sarin kaya ya dawo da kaset ɗin.

Gidan kakana tsohon masaukin fatake ne tun zamanin da ake kai goro da jakuna. Akwai doka ɗaya da ba a rubuta ba, kuma ba a karyawa: ba a tambayar baƙo yaushe zai tafi. In zamansa ya yi nauyi, sai a gaya masa da habaici, a waƙar daka ko a labarin da ake ba yara da ƙarfi, shi kuma in mai kunya ne ya gane. Baba Gonja ya sauka gidan tun kafin a haife ni, goronsa ya ruɓe a hanya, ya ce zai ɗan huta kafin ya koma. Yana nan yana hutawa har mahaifiyata ta yi aure ta haife ni. Shi ke yi mana ƙwallon tsumma, shi ke raba mu faɗa, shi ke sanin goron da zai kai Sallah da ya ɗora shi a harshe. Ranar fim yana layin gaba, a kan tabarmarsa, kusa da Kaka.

Kallon Djougou ya bambanta da na Parakou tun daga farko. Tsofaffi suka kama maigidan fim ɗin da laifi nan take. Hajiya kakata, daga bakin ƙofar cikin gida, ta yi salati ta ce, "Ko ruwa bai ba shi ba! Wane irin gida ne wannan?" Duk sanda maigidan ya harari baƙon, sai zaure ya ɗauki tsaki. Wani dattijo ya ce rowa ce ke haukata mutum, ba komai ba. Ni kuwa ina kan turmi ina zuba fassara, kuma Allah shaida ranar ban ƙara ko gishiri ba, don fim ɗin ya fi ƙarfin ƙarina. Amma da baƙon ya sa rigar maigida, sai tsakin ya fara raguwa. Da aka zo inda maigidan yake ce wa matarsa mutumin nan kwana ɗaya ya roƙa, ga shi ya gaje mu da ranmu, na faɗe shi da Hausa tsantsa, da murya mai kai wa lungu. Ba wanda ya kalli Baba Gonja, kuma rashin kallon nan ya fi kallo ciwo. Rigar da ke jikinsa ta Kaka ce, ta Sallar bara.

Aka gama fim. Baba Gonja ya tashi, ya naɗe tabarmarsa, ya ce wa Kaka, "Alhaji, na gode da kallo." Bayan la'asar aka ga ɗakinsa a share, jakarsa da butarsa ba sa nan. A ganinsa an ɗauko kaset tun daga Parakou, an tada inji da tele, an tara unguwa, an ɗora jika a kan turmi, don a gaya masa abin da baki ya kasa. Kaka ya zauna a zaure ya kasa cin goro. Ba zai bi shi ba, domin in maigida ya bi baƙo da ban haƙuri ya amsa ke nan cewa da manufa aka yi. Na ce to, bakin da ya fitar da shi, shi zai dawo da shi. Na zura silifa na kama hanyar Kolokondé da gudu, taɓo har gwiwa, a wasu wuraren har wuya.

Na same shi a gindin wata ɗorawa yana jiran mota. Na fara da abin da na fi iyawa. Na ce Kaka ya suma, Hajiya ta faɗa rijiya, an kira likita daga Parakou.

"Radiyo, rage murya," in ji shi. "Alhaji bai suma ba ranar da rumbunsa ya ƙone."

Na kama jakarsa, ya riƙe. Na zauna a kan butarsa na rantse in mota ta zo tare za mu shiga, in ya sauka na sauka, in ya yi bara na riƙe masa ƙoƙo. Mota ta zo, na gaya wa direba tsohon nan kakana ne, rigimar tsufa ke damunsa, direba ya ja motarsa. Baba Gonja ya ɗaga sanda, ya fasa. Ya ce shi ba yaro ba ne, ya ji abin da Nasaran ya ce, kuma Nasaran bai yi ƙarya ba.

Nan wani abu ya faɗo mini. A fim ɗin, mutanen biyu da kalma ɗaya suke kiran juna, hôte, ana furta ta "ot". Ni ne nake fassara ta wani lokaci baƙo, wani lokaci maigida, gwargwadon mai magana. Na ce, "Baba, a bakin Faransawa mai saukar da mutum ot ne, wanda aka saukar ma ot ne. Kalma ɗaya ce tak. Ni na raba ta biyu, su ba su raba ba."

Ya dube ni. "Wannan ma Parakou ce ka kama?"

"Baba, ka tambayi mushen lakwal, malamin bokon da ka ga dama. In ƙarya ce, a yanka ni a yi kilishi."

"To mutanen da ba su san bambancin maigida da baƙo ba, yaya za su koya wa Alhaji habaici?"

"Shi ne nake gaya maka tun ɗazu."

Tsohon nan ba wawa ba ne, ya san kalma ba ta canza abin da ya gani a tele ba. Ƙofa yake nema wadda zai shiga ba tare da ya sunkuyar da kai ba, ni kuma na samo masa ita.

"Ni a gidan Alhaji wanne ne?" ya ce.

"Ot."

"Alhajin fa?"

"Ot."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya miƙo mini jakar. Muka iso ana kiran magariba. Kaka bai tambaye shi ina ya je ba, ya matsa masa wuri a sahu kawai. A gidan Baba Gonja ya ƙarasa kwanakinsa, kuma da ya rasu, Kaka aka zo yi wa gaisuwa, kamar yadda ake yi wa wanda ya rasa ɗan'uwa.

Yanzu an raba zauren nan shaguna, ɗaya ana gyaran waya a ciki. Baƙo in ya zo Djougou otal yake sauka, ya san ranar tafiyarsa tun kafin ya ajiye jaka. 'Ya'yana suna kallon abubuwan da suka fi namu ban tsoro, kowa da wayarsa, igiya a kunne, fuska kamar ta mai jiran allura. Ba mai tsaki, ba mai salati, ba wanda zai tashi ya naɗe tabarma. Mu a lokacinmu, fim yakan shiga gida ya taɓa mutum.