Tukunyar Kaka Frosya Ba Ta Bi Ta Kabari Ba

Kai mai karatu, idan kana cikin masu cewa "ai tsohuwa ce, ta huta", ajiye wannan ka kama gabanka. Ba da kai nake ba.

Ranar Talata, 14 ga Oktoba 2008, Allah ya karɓi ran surukata Yefrosinya Ignatyevna, wadda duk ƙauyenmu na Zarechye ke kira Kaka Frosya, tana da shekara tamanin da huɗu. Ta bar Stepan mijina, da jikoki, da wata tukunyar ƙasa da saura ƙiris mu kashe abin da ke cikinta.

Mama Frosya, shekararki sha bakwai ranar Lahadin nan ta 22 ga Yuni 1941, da Jamusawa suka afko mana ba sallama, sojoji sama da miliyan uku, suna cika baki cewa kafin sanyi ya sauko sun gama da mu. Da wutarsu ta iso yankin Vitebsk, kowa ya yi daji. Ke mahaifiyarki ta danƙa miki tukunyar uwar kwaɓi, ɗan tsamin nan da ake ragewa don ya tayar da baƙin burodi na gaba. Ta ce, "Riƙe, kada ya yi sanyi," ta koma kwanto saniya. Ba ki sake ganinta ba.

Shekara uku kuna cikin ramuka a daji, tukunyar na ɗaure a cikinki ƙarƙashin kwat, kina ciyar da ita da ɗan garin da bai ishi bakinki ba. Mata suna miki tsiya: "Frosya, wannan cikin na wane ne, har yau ba haihuwa?" Kika ce, "Na wanda zai binne Jamusawa ne, ku tanadi zanin suna."

Kuma an binne su. Tankokinsu suka cije a ƙofar Mosko, a 1944 aka fatattake su daga ƙasarmu, bayan mutum ɗaya cikin huɗu namu ya kwanta dama. Masu littattafai suna cewa laka ce da sanyi suka kayar da su. Su faɗa. Sanyi bai taɓa gasa wa mayaƙi burodi ba. Ku ne kuka gasa.

Ba amaryar da ta shigo ƙauyen nan ba ki ɗibar mata daga tukunyar ba. Ni ma da na zo, na ƙona burodina na farko ƙurmus. Kika zauna kika cinye yankinki, kika share ɓurɓushin a tafin hannu kika watsa a baki, kika ce, "Raisa, na ci wanda ya fi wannan muni, amma kada ki ƙara." Matvey mashayi, maƙwabcinmu, ya sha zagi a ƙofarki, bai taɓa tafiya hannu rabbana ba. Amaren nan duk sun mutu ko sun koma cin burodin kanti. Namu kaɗai ya rage.

To ga abin kunyar. Da aka fita da gawarki, aka wanke daɓe kamar yadda aka saba, 'yata Zlata, mai karatu a Minsk, ta kwashe kayan da ke kan kanta, har da tukunyar, ta fitar bayan danga. Sai da safe na lura. Na tambaye ta, ta ce, "Haba Mama, abin nan fa ya ruɓe, wari yake. Ga burodi nan birjik a kanti."

Na ce, "Birjik ɗin gidanku. Boko ya koya miki wari, bai koya miki kunya ba."

Na tarar da tukunyar ta kwana cikin raɓa mai ƙanƙara, baƙin ruwa ya kwanta a sama. Na cusa ta cikin kwat ɗina, na zuba gari da ruwan ɗumi. Shiru. Stepan ya ce, "Raisa, haƙura, tsamin ya bi mai shi." Na ce abin da Jamusawa suka kasa kashewa, ba a gidana zai mutu ba. Ranar addu'ar kwana tara, da hantsi, na ɗaga marfi na ga ya taso yana huci. Da burodinsa aka ciyar da masu makokinki, Mama. Zlata ce ta kwaɓa, tana kuka, ni kuwa ban rarrashe ta ba.

Allah ya jiƙanki, ya sa ƙasa ta yi miki laushi, ya sada ki da mahaifiyarki ki ce mata bai yi sanyi ba. Stepan, da 'yan'uwa, da mutanen Zarechye, Allah ya ba mu haƙuri.

Daga yau, a gidan nan, ba mai zama teburin ranar Lahadi sai ya ciyar da tukunyar da hannunsa, kuma ɓurɓushin burodi baki yake shiga, ba shara ba.