Ranar da jirgin Sale ya tashi a Roni

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar taubashina Sale, mai gyaran babur a Roni, amma har gobe in na ji warin fetur sai in ga kamar zai leƙo ya ce, "Bawana, riƙe min wayar nan." Sau ɗaya na riƙe. Wutar da ta fizge ni har haƙorana sai da suka amsa, shi kuwa yana ta dariya, wai ya tabbatar kwayil ɗinsa mai ba filogi wuta lafiya lau.

A shekarun da arzikin mai ya shigo, kowa na rububin rediyo da babur, Sale ya samo ɗan injin jirgin wasa wurin wani baƙon malami a Kazaure da zai koma ƙasarsu. Filoginsa bai kai ɗan yatsa ba. Ya ƙera gangar jiki da fukafukai, ya sa dogayen igiyoyin da zai riƙe jirgin da su yana kewaya shi. Kawu, mahaifinsa, ya gaji da ganin gona tana jira, ya ce in abin bai tashi ba kafin ruwan shuka, a murhu zai ƙare.

Hadari ya fara haɗowa ranar da muka fita fako, gari ya biyo mu. Injin da ya yi kuka jiya a shago, yau ko tari. Sale ya kaɗa farfela har yatsa ya fashe. Ya kwance filogi, ya kankare baƙinsa, ya auna tazarar bakinsa da reza, ya jingina shi jikin inji ya sake kaɗawa. Babu tartsatsi. Ya sauya batir, shiru. Kawu ya fara naɗe buzunsa.

Mai nema yana tare da samu. Sale ya bi wayar filogi da yatsa, sai ga laya. Ashe Innata, gwaggonsa, ta ji tsoron bakin mutane, ta ɗaura ta da siririyar wayar ƙarfe, ta murɗe tamau har ta yanka robar wayar filogin, bakin ƙarfen yana taɓa inji. Wutar duk ta nan take zurarewa.

Ya je gabanta ya durƙusa. "Gwaggo, a yi min izini in mayar da ita bindin jirgin, can ido ya fi sauka."

"Mayar, ɗan nan, amma kul ka cire."

Ya ɗaure ta da zare, ya naɗe wayar da roba. Sai ga tartsatsi shuɗi, tas-tas! Kaɗawa ɗaya injin ya kwarara ihu, jirgi ya sheƙa, ya rabu da ƙasa. Mata suka rangaɗa guɗa, hular Kawu ta faɗi bai ko waiwaye ta ba, yana ta cewa, "Ɗana ne fa!" Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Yau ƙananan jirage masu ɗaukar hoto suna shawagi a kan kowane biki, ba filogi, ba hayaƙi. Na san da Sale na raye da ya yi tsalle, ya roƙi a ara masa ɗaya, kafin la'asar ya kwance shi kaf.

Jirginsa gara ta cinye shi tuni. Abin da ya rage min halinsa ne, Allah ya jiƙansa da su Kawu duka. Har Inna ta bar duniya tana faɗa wa jikokinta layarta ce ta ɗaga jirgin nan, in Sale na wurin kuwa sai ya harare ni, ya ce, "Ƙwarai kuwa, Gwaggo."