Riyalin Kaka Ya Kusa Ja Mini

Jama'a, yau an kulle ni a shago a kasuwar Khan Khalili!

Kun san tsohon riyalin azurfar da kakata ta ba ni? Shi na kai wa maƙeri ya huda, in rataya wa jaririyata a wuya. Ya ɗauko abin huji, sai ya tsaya cak. Ya ƙura wa wani ɗan hatimi da ke jikin riyalin ido. Ya ce, "Ina ka samo wannan?"

Na ce, "Gado ne, kakanmu ya dawo da shi daga hajjin ƙafa."

Kawai ya ja ƙofa ya rufe, ya hau waya! Innalillahi! Na ce shi ke nan, 'yan sanda, za a ce kayan tarihi na sato. Ga iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ta ƙare!

Sai ga wani dattijo yana haki. Ashe shi maƙerin ya kira, mai tara tsofaffin kuɗi ne. Ya ce hatimin Hijaz ne aka sake bugawa a kai, irinsa wuyar samu gare shi. "Sayar mini!"

Na fizge abina, na arce.

Yanzu mai gadin gidanmu ya ƙwanƙwasa. Wai wani dattijo yana ƙasa, yana tambayar ɗan Najeriya mai riyali. Wallahi ban gaya wa kowa a unguwar Hayyin Ashir nake zaune ba!