Abin da tsohon ɗan Caina ya sa na faɗa a gaban Ka'aba

Jama'a, wallahi tallahi wannan a kaina ya faru, ba ji na yi ba. A unguwar Tandabawi, nan kusa da Ka'aba, aka haife ni, sana'ata tura alhazai a arabiyya, wato keken marasa ƙarfi. Ana saura 'yan watanni annobar nan ta ɓarke, da hantsi, na ɗauko wani tsoho ɗan Caina daga masaukinsa a unguwar Jarwal. Ga shi tukuf, amma wai Turanci yake koyo a waya, ita kuwa ta faɗi kalma da yarensu, ta maimaita da Turanci. Darasin ranar, in ji shi, kalmomin abin da bai taɓa faruwa ba ne.

Ni kuwa ɗan Turancin da na tsinta a bakin alhazai ya sa ni iyayi. Muna cikin ɗawafi ya miƙo wayar ta kan kafaɗarsa, ya ce da guntun Larabci, "Ya akhi, karanta da ƙarfi in ji."

Na karanta: wai a karon farko babu kowa a kewayen Ɗakin Ka'aba. Na dubi cinkoson nan, ko ƙafa ba ka da wurin sawa, na tuntsire da dariya. Ya ce in ci gaba. Na karanta ta gaba: mutumin bai taɓa barin garinsu ba, ranar da ya fita kuma bai dawo ba. Tsohon bai maimaita ko ɗaya ba. Juyowa ya yi ya zuba mini ido, ya ce da Hausa tsantsa, "To, ka dai faɗa da bakinka."

Innalillahi! Na yi ta masa Hausa har masauki, sai murmushi, kamar bai san me nake cewa ba.

Ranar da annoba ta sa aka hana shiga, na ga filin ɗawafi fayau a talabijin, zazzaɓi ne ya kwantar da ni. Sai na tuna ni ma ban taɓa wuce Mina da Arfa ba.

Bara 'yata ta haihu a Jidda, ta kira tana kuka, "Baba, tafiya ce ba nisa, fi sabilillah ka zo." Na shiga mota, muna dosar shingen fita gari na ce direba ya sauke ni. Har yau a waya kawai na san fuskar jikana, kuma abin yana cina.

Don Allah in kuna gaban Ɗakin nan, ku san abin da za ku furta, ko da karatun wani ne.