Dariyar Ya Usmanu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina wanke kofunan shayi na ji Mama ta saki salati a tsakar gida. Ya Usmanu mai shagon kwamfuta na bayan kasuwa ya rasu. Motar da ya shigo daga Tuboro ce ta kife da su. An kai shi tun kafin azahar.

Ku yi haƙuri da rubutun.

Ku da kuke sauraron labaran soyayyar da nake karantawa a shafin nan, ba ku san fuskata ba, ba ku san sunana ba. A gidanmu ma ba wanda ya san ni ce Tauraruwar Binuwai. Baba ya taɓa cewa duk 'yarsa da ya ji muryarta a intanet, ranar ta rabu da waya. Baba kuwa ba ya maimaita magana.

Yau zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kamal na cikin labarina, mai yawan shirun nan, mai gyara gilashin idonsa da bayan hannu, ba ƙirƙirarsa na yi ba. Ya Usmanu ne.

Shi ƙanwa ya ɗauke ni, ƙanwar abokinsa. Na sani.

Yayana Sani ne ya tashi haɗa kwamfutar gem, ta wasanni. Ya ce ba ya son haɗaɗɗiya ta kanti, ɗaya-ɗaya zai zaɓi kayansa. Ni nake raka shi shagon in an tashi daga lise, makarantarmu ta sakandare, wai don in riƙe masa leda. Sai in zauna a benci, littafi a cinya, kunne a wurinsu.

Kullum musu. Ya Sani so yake a juye komai a kan kart grafik, katin da ke fitar da hoto, don motocin gem ɗinsa su yi gudu ba tangarɗa.

"Kai dai hoto, hoto," in ji Ya Usmanu. "A zafin Garwa ka cusa ƙaton kati a ɗan akwati mai fanka ɗaya? Ai masara za ka gasa."

"To malam injiniya, da me zan fara?"

"Da uwa." Haka yake kiran kart mer, faifan da duk kayan ke maƙalewa a jikinsa. "Komai tsadar abin da ka ɗauko, in uwa ba ta karɓe shi ba, ado ne."

Rannan Ya Sani ya fita amsa waya. Na yi ta maza, murya can ƙasa, na ce, "Ya Usmanu, irin wannan tana iya montaj, yanka bidiyo da haɗa shi?"

Ya ɗago. "Sake faɗa in ji."

Na sake.

"Na san muryar nan," ya ce. "Ƙannena sun ishe ni da ita a gida."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa ya mayar da kai kan aikinsa, kamar bai ce komai ba.

Da Ya Sani ya dawo sai na ji tsari ya canja. Ram, wanda montaj ya fi ci, giga talatin da biyu maimakon sha shida, furosesa, ƙwaƙwalwar injin, mai ƙarfi, diski na biyu don ajiya. Kart grafik kuma a sauko zuwa matsakaici.

"Gem ɗina ba ya cin wannan duka!"

"Na bana ba ya ci. Na baɗi fa?"

Ya Sani ya yi gunaguninsa ya yarda. Ya Usmanu ko inda nake bai kalla ba. Amma na san wa aka ƙara wa ram ɗin.

Akwai ranar da ya ce, "Saura alimantasiyon, ita ce ba mu da ita." Ni da son in yi abin kirki, na sulale na tsallaka titi zuwa kantin kayan abincin da aka rubuta wa Alimantasiyon a goshi, na dawo da biskit da gwangwanin sardin. Ashe akwatin da ke raba wa kayan wutar lantarki yake nufi.

Shagon cike da samari, suka kwashe da dariya. Ya Sani har da riƙe ciki.

Ya Usmanu ya karɓi ledar, ya fasa biskit ɗin ya kai baki. "Ta fi ku hankali. Shi injiniyan da iska zai yi aiki? Useko, na gode, ƙanwata."

Ba wanda ya ƙara dariya.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Asabar ne. Diskin ya iso, Ya Sani ya tafi zuba mai a babur. Ya Usmanu ya ce in ɗauki ko wane irin bidiyo da wayata, mu gwada saurin kwafi in an tashi injin. Na ɗaga wayar, na rasa me zan ɗauka, sai na ɗauke shi.

Yana ɗaure uwa a cikin akwati yana bayani. Can sai ya kira sunana na gida, ya haɗa da na shafin nan, ya ce, "Wannan Kamal ɗin naki, me ya sa duk inda ya je da sukundireba a aljihu? Har wurin zance?"

"Ba kai ba ne!" Ban san na iya ɗaga murya haka ba.

"Ni na ce ni ne?"

Sai dariya. Ya yi ta yi har ya cire gilashi yana goge ido, ni kuma ina ta rantsuwa ba shi ba ne.

Da za mu tafi ya ce, "In na dawo daga Tuboro mu kunna ta. Ke za ki danna."

Ɗazu Mama ta dawo daga gidan rasuwar. Ta ce Goggo Dada, mahaifiyarsa, ta kasa kuka. Kowa ya shigo sai ta tambaye shi ko yana da muryar Usmanu a waya. Tasa ta farfashe a motar. Shi mutum ne da ya ƙi jinin kamara, saƙo ma rubutawa yake yi. Abin da aka samo mata hoton katin shaida ne, fuska a ɗaure. Ta ture shi ta ce, "Ba haka ɗana yake ba."

Na shige ɗaki na kulle.

Na buɗe bidiyon a manhajar da nake yi muku montaj a waya. Na yanke inda ya kira sunana, ya yanku. Na yanke tambayar Kamal, ta yanku. Amma dariyar ta hau kan muryata, sun cakuɗe. Na gwada ta nan, na gwada ta can. In na cire kaina, abin da ya rage mutum ne yana ɗaure noti, shiru, kamar na jikin katin shaidar.

Goggo Dada aminiyar Mama ce. Ƙannensa suna zaune kusa da ita, kuma sun san muryar nan. In na kunna shi yadda yake, kafin magariba Baba ya ji. Kuma kowa zai gane wane ne Kamal.

Mama ta ƙwanƙwasa sau biyu. "Ke! Me kike yi a kulle? Ɗauko hijabinki, la'asar ta yi, za mu koma."

Na mayar da duk abin da na yanke.

Zan durƙusa gaban Goggo Dada in sa mata wayar a hannu, har da rantsuwata a ciki. In kun ji shafin nan shiru daga gobe, kun san dalili.

Ya Allah Ka jiƙan Usmanu. Ka sanyaya makwancinsa, Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini. Ka ba Goggo Dada hawayen da za su sauƙaƙa mata ƙirji.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce. In da saura, ku sa ni ciki. Mama tana jirana a zaure.