Sifirin Biyar Masu Tauri

Shekara goma sha tara na yi ina buga takardu a ofishin makarantarmu, kuma bango ɗaya ne tsakanin teburina da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, wanda kowa ke kira lab. Don haka idan na ce na san mai kula da lab ɗin nan, ba ji na yi a bakin wani ba, ko tarinsa na ji ta bango ina gane shi. Ɗalibai suna kiransa Baba Sake-Auna, saboda duk abin da yaro ya kawo masa, tsawon zare ne ko nauyin ƙarfe, ba zai ce daidai ne ko kuskure ne ba. Sai ya dube shi ta saman tabarau ya ce a sake aunawa. Sunan ya bi shi har gida, matarsa ma da shi take kiransa idan ya ishe ta.

Bai yi karatu mai nisa ba, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Firamare ya gama, sannan ya yi shekara shida a shagon kawunsa mai gyaran agogo, inda ya koyi zama wuri ɗaya da riƙe numfashi idan ana ɗaura ƙaramin abu. Da kawun ya rasu aka rufe shagon, ya shigo makarantarmu a matsayin mai shara. Wata rana wani tsohon malamin kimiyya ya same shi a bayan aji ya kwance agogon ƙidaya da aka jefar a kwandon shara, ya gyara shi yana tafiya. Malamin bai tsaya ko'ina ba sai ofishin shugaba, ya ce a karɓe tsintsiya daga hannun mutumin nan a ba shi mabuɗin lab. Tun daga ranar mabuɗin yake rataye a wuyansa, cikin wata riga mai ruwan ƙasa da aljihunta ya sha tawada.

Lab ɗin dogon ɗaki ne mai taga shida da tebur arba'in, kowanne da lambarsa a goshi, shi ya rubuta da fenti. A ƙarshen ɗakin akwai kabad biyu na gilashi, cike da gwangwanayen madara da ya wanke ya manna wa takarda: wannan na ƙusoshi, wannan na zare, wannan na abin da ya karye amma bai mutu ba. Yana da littafi mai baƙin bango, duk kayan da ya shigo ɗakin sai ya auna shi da kansa ya rubuta, ko da kamfani ya buga nauyinsa a jiki. Malaman fiziks bakwai na gani sun zo sun wuce. Wasu suna zuwa da digiri da shan ƙamshi, ba sa ko amsa gaisuwarsa sosai. Ni dai dariya nake yi a cikina, don na san kafin mako biyu za a ji su ta bango suna cewa, Baba, ina kaza yake?

'Ya'yansa shida, biyar mata, duk sun kama gabansu. Auta ne namiji, kuma a makarantarmu yake, ajin ƙarshe a shekarar da nake ba da labarinta. Yaro ne mai kai, ga baki, ga saurin gane abu kafin a gama faɗa. Uban ba mai yabon ɗa ba ne, amma na sha ganinsa ya tsaya a allon sanarwa yana karanta sakamakon aji, ya wuce yana gyara tabarau. Burinsa ɗaya, yaron ya zama injiniya, kuma ba a shiga wannan karatu sai da kyakkyawan sakamako a fiziks.

Takardar fiziks ta ƙarshe ita ce ta gwaji, wadda yara ke kira firatikal. Mako guda kafin ranar, hukumar jarrabawa kan aiko jerin kayan da za a ajiye wa kowane ɗalibi. A wannan shekara sifirin ne, wato naɗaɗɗiyar wayar nan mai miƙewa, da rula da ƙarafan nauyi guda biyar: yaro ya rataya nauyi, ya auna yadda sifirin ya miƙe, ya zana giraf, ya fitar da lamba ɗaya a ƙarshe. Akwai kuma fom da malamin fiziks zai cike ya faɗi lambar da kayan makarantar ke bayarwa. Ana saka fom ɗin a ambulan ɗaya da takardun yara, kuma da shi masu maki ke gane wanda ya yi daidai.

Ɗalibai arba'in ne, sifirin iri ɗaya kuwa talatin da biyar muke da su. Baba ya tono wasu biyar a tsohon akwati, ya auna su ɗaya bayan ɗaya. Sun fi sauran tauri. Na kullum suna ba da ashirin da biyar, waɗannan goma sha huɗu. Ya rubuta a littafinsa, ya ɗaura su a tebura biyar na ƙarshe, ya je ya gaya wa malamin fiziks. Malamin saurayi ne, shekararsa ta biyu a aiki, kuma yana ji da kansa. Ya ce sifirin ai sifirin ne, ya wuce. Shi ne kuma ya kwashe zangon karatu yana maimaita wa yara wannan gwaji da sifirin na kullum, har ashirin da biyar ta zauna musu a ka kamar lambar gidansu.

Dole in faɗi wata ɗabi'a ta 'yan ajin kimiyya, don wanda bai zauna da su ba ba zai yarda ba. Idan yaro ya san amsar da ake jira, kuma abin da ya auna ya ƙi zuwa wurin, ba ya zargin amsar, idonsa yake zargi. Sai ya goge, ya ƙara nan ya rage can, har layin giraf ya miƙe ya faɗa inda ake so. Su da kansu suna kiran abin aski. Baba ya tsani askin nan fiye da yadda ya tsani tsatsa.

Ranar jarrabawa, jami'ar da hukuma ta turo ita ta zaunar da yara bisa lambobinsu, ba wanda ya zaɓi teburinsa. Da rana ta take aka buɗe ƙofa, suka fito kamar an kwance awaki. Ina daga tagata ina kallo. Wani ya cilla rula sama ya ce ya saki fiziks saki uku, ba kome. Wata ta ce littattafanta yau za su hura wutar girki. Masu rubutu a rigunan juna suna yi, masu ɗaukar hoto suna yi, har waɗanda ban taɓa ganin haƙoransu ba ranar baki har kunne. Tambaya ɗaya ce ke yawo a baranda, nawa ka samu, amsa kuma ɗaya: ashirin da biyar, ashirin da huɗu da rabi, ashirin da biyar cif. Kowa ya ji ta ɗan'uwansa sai ya ƙara buɗe kafaɗa.

Yarinya ɗaya ce ba ta cikin murnar. 'Yar wani direba ce, 'yan ajinsu suna kiranta 'Yar Shiru. Ta zo ta zauna a matakala ƙarƙashin tagata, ta haɗa kai da gwiwa. Ƙawayenta suka tambaye ta, ta ce goma sha huɗu ta samu, sau uku tana maimaitawa yana ba ta goma sha huɗu, sai ta rubuta haka. Suka yi mata jaje irin na wanda ya ci, wanda ya fi zagi ciwo. Baba yana bakin ƙofar lab da tiren ƙarafa a hannu. Ya tambaye ta lambar teburinta, ta ce talatin da bakwai. Ɗaya ne daga tebura biyar na ƙarshe.

A daidai lokacin muryar Auta ta tashi daga tsakiyar taron, yana gaya wa abokansa tasa ashirin da biyar ce ba ɗigo, layinsa kamar an ja da zare. Baba ya juya ya dube shi. Yana cikin ɗakin lokacin jarrabawa, ya ga inda aka zaunar da ɗansa: tebur na talatin da takwas. Sifirin ɗin wannan tebur ko shekara za a yi ana rataya masa nauyi ba zai ba da ashirin da biyar ba. Sauran ukun da suka zauna a teburan ƙarshe, su ma ashirin da biyar suke shela.

Ambulan yana kan teburina, ni ke liƙe shi a gaban jami'a. Malamin fiziks ya riga ya cike fom ya sa lamba ɗaya, ashirin da biyar. Idan ya tafi a haka, yarinyar da ta rubuta abin da ta gani ta faɗi, huɗun da suka yi aski sun ci. Idan aka ƙara bayanin sifirin biyar ɗin, ita ta ci, su huɗun sun zubar da makin takardar, har da Auta. Ina shafa gam Baba ya shigo da baƙin littafinsa, ya ce in dakata.

Malamin ya fara da cewa abin bai taka kara ya karya ba, sannan ya koma cewa za a zubar wa makaranta mutunci a ce kayanta ba iri ɗaya ba ne. Jami'ar ta karɓi littafin ta duba, ta ce ai fom ɗin yana da gurbin wannan bayani, don irin haka aka yi shi. Da malamin ya ga ba mafita, sai ya rage murya, ya matso kusa da Baba.

"Baba, ka san ɗanka a talatin da takwas ya zauna?"

"Na sani, Malam. Ni na ɗaura sifirin ɗin."

"To ka san abin da kake shirin yi masa?"

"Na san abin da za a yi wa yarinyar nan idan ban yi ba."

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, a ranar ina bayan malamin. Auta a gabana ya girma. Na so in ce masa, haba Baba, yarinya ɗaya ce, wa zai sani? Kalmar ta zo bakina ta tsaya, don na dubi fuskarsa na ga ba shawara ya zo nema ba. Ya buɗe littafi ya karanto mini lambobin tebura da abin da kowane sifirin ke bayarwa, ina bugawa. Da ya zo talatin da takwas muryarsa ko gezau. Ni ce na ɓata layin, sai da na sake buga shi. Malamin ya sa hannu yana cika yana batsewa, jami'a ta sa nata, na liƙe ambulan.

Daga ofis ya wuce matakala. Ya ce wa yarinyar ta tashi ta je gida ta ci abinci, goma sha huɗunta daidai ce, kuma an rubuta. Ta ɗago ta dube shi kamar ba ta ji ba, sai da ya maimaita. Sannan ya kira ɗansa gefe, bayan tankin ruwa, ya gaya masa da bakinsa kafin ya ji a wurin wani. Ban ji duka ba. Abin da ya iso tagata shi ne muryar Auta ta karye yana cewa me ya hana Baba ya gaya masa tun farko.

"In gaya maka me? Sau biyar ka rataya nauyi, sau biyar sifirin ya gaya maka."

Sakamako ya fito bayan wata uku. 'Yar Shiru ta ci fiziks da maki mafi girma a makarantar, ubanta ya zo da motar aikinsa har bakin lab ya yi ta yi wa Baba addu'a. Auta ya ci komai da kyau ban da fiziks, wanda ya gaza abin da ake nema da kaɗan. Ya yi asarar shekara guda, abokansa suka wuce jami'a shi yana gida yana jiran ya sake zama. Na ji matar Baba ta yi mako uku gaisuwa kawai ke haɗa su, kuma ban ga laifinta ba.

Shi kuwa bai canza tafiya ba. Ƙarfe bakwai yana buɗe lab, yana goge rula, yana korar masu zama a kan tebur. Wata rana da safe ya shigo karɓar takarda a wurina, ba kowa a ofis, na kasa haƙuri na tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce a kan fom ɗin, ko gobe aka sake zai sake. Ya juya takardar a hannunsa.

"Abin da ke damuna daban ne, ƙanwata. Shekara ashirin da bakwai ina koya wa 'ya'yan mutane su yarda da idonsu. Nawa ɗan, shekara goma sha takwas a gidana, ya ga abu da idonsa sau biyar ya goge. 'Yar direba ta koya a wurina, shi bai koya ba. Wannan ba kuskurensa ba ne, nawa ne."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce yau Auta zai zo lab da la'asar, za su fara tun daga riƙe rula.