Dutsen Bature a Ƙarƙashin Rumbuna

Duk ƙasar Makoda babu wanda ya kai ni sanin tsohuwar hanyar fatake. Ko an ɗaure mini ido zan bi ta har Dawanau, ina gaisawa da duwatsun mil da Turawa suka kakkafa a gefenta zamanin da jakuna ke kai gyaɗa Kano. Nakan ce duwatsun nan sun fi 'ya'yana sanin muryata.

A shekarun fari na gina sabon rumbu, na rantse bana sai na cika shi, da ruwa ko babu. Rumbu kuwa kan duwatsu ake ɗora shi saboda gara, dutse kuma a wajenmu ya fi nama wuya. Ɗaya ya rage mini. Ranar kasuwa da rana tsaka, gari ya watse, na ja jakina na tumɓuke dutsen mil na kusa da mu, mai lamba a goshi, na cike ramin na baje ƙasa.

Abin da na ƙi tunawa, dutsen nan shi ne iyaka tsakanin gonar wani Alhaji da ta gwaggona, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki. Da ruwan shuka ya sauka sai rigima, har mai unguwa ya zo. Wa za a kira shaida in ba masanin duwatsu ba?

"Malam, nuna mana inda yake," in ji mai unguwa.

Ina tsaye kusan a kan ramin. Sai na ji tsoron a tambaye ni yadda na gane wurin da babu alama.

"Ranka ya daɗe, ai Turawa ne suka aiko a kwaso musu kayansu."

Aka fashe da dariya, aka raba gonakin da ido. Taku huɗu na gonarta suka koma wajen Alhaji, ɓangaren kwari, inda laima ke daɗewa. A shekarar, nan kaɗai gero ya yi kai.

Bayan girbi kazar gwaggo ta shige ƙarƙashin rumbuna. Gwaggo ta sunkuya nemanta, ta daɗe a sunkuye, idonta a kan dutsen mai lamba. Ta miƙe ta fita, ko kazar ba ta ɗauka ba.

Washegari na tokare rumbun da kututture, na mayar da dutsen wurinsa a gaban jama'a, na tone ramin da hannuna. Ranar babu wanda ya yi dariya. An dawo mata da iyakarta, amma geron ya riga ya shiga tukunyar wasu. Na ce ta zo ta ɗebi nawa.

Ta zo, ta ƙwanƙwasa rumbun da sandarta, ya amsa kamar ganga. Ta leƙa ciki, ta dube ni.

"Ɗan nan, don wannan ka tumɓuke dutse? Da ka faɗa mini, ai da na ara maka ƙwarya ka zuba."